Farin 1973: Yadda Cin Rani Ya Zama Ƙaura

A shekarun 1950 damina ta yi albarka a yankin Sahel. Manoma suka yi ta tura gonaki arewa, cikin wuraren kiwon Buzaye da Fulani, har a 1961 gwamnatin Nijar ta kafa dokar da ta shata wa noma iyaka. Garkuna suka ƙaru, kowa ya saki jiki. Daga 1968 sai ruwan sama ya fara ja da baya, abin ya kai maƙura a 1973.

Shanu ne suka fara faɗuwa, domin ba su da juriyar raƙuma da awaki. Gero ya yi tsada, dabba ta yi arha, sai makiyayi ya rabu da ramammiyar saniyarsa a wulaƙance don ya auno 'yan kwanoni. A karkara mata suka koma tsinkar anza, suna jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita. Da wannan ma ta gagara, sai aka ɗaura kaya. Dubban mutane, ciki har da Buzayen Mali, suka taru a sansanin Lazaret da ke gefen Yamai. Wasu suka gangara Katsina, Kano da Legas suka kama gadi, samari kuma suka nufi Aljeriya da Libiya.

Yunwar ba ta bar gwamnati ba. A ranar 15 ga Afrilun 1974 hafsan soja Seyni Kountché ya hamɓarar da shugaban Nijar Diori Hamani, yana zargin hukuma da yin sakaci da abincin agaji. Bayan shekara goma fari ya sake bugawa, daidai lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a 1984.

A wancan lokaci makiyaya aka fi ɗora wa laifi, wai dabbobinsu ne suka cinye ƙasa. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa sauyin zafin ruwan teku ne babban dalili, kuma hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana da hannu a ciki.

Akasarin waɗanda suka tashi sun yi niyyar komawa da faɗuwar damina. Amma wanda garkensa ya ƙare, ko ruwa ya sauka ba shi da abin da zai koma wa. Shi ya sa da yawansu suka zama 'yan birni, 'ya'yansu suka tashi ba su san kiwo ba.