Ɗaurin Fatar Ganga: Tsayayye Ko Mai Sakuwa

Tun zamanin da, maƙeran kayan kiɗa a ƙasar Hausa sun rabu gida biyu game da mas'alar ɗaurin fata, domin kuwa da yadda aka ɗaure fata a bakin kango ne sautin ganga yake samun ɗabi'arsa. Tambari, wanda yake alamar mulki ne, ba a buga shi sai domin sarki, ɗaurinsa tsayayye ne, an ja igiyoyin fata an ƙulle su sau ɗaya, har ya zama idan raɓar damina ta sa fatar ta saki, babu wata hila illa a shanya shi a rana ko a kara shi kusa da wuta. Amma kalangu, wanda asalinsa na mahauta ne kafin Alhaji Mamman Shata ya ɗaukaka shi, hikimarsa tana ga tsirkiya, wadda makaɗi yake matsewa a hammata, ya saki, sauti ya hau ya sauka bisa karin harshen Hausa, har mai sauraro ya fahimci kirarin da ake yi masa.

Turawa kuma, bayan sun karɓi ƙananan tambura daga Musulmi a zamanin yaƙoƙin Salibiyya, sun sauya igiya da kusoshin ƙarfe masu murɗawa, har a 1881 aka ƙago a Dresden ta Jamus tambarin da ake sauya muryarsa da ƙafa. Dabara ce ingantacciya, babu shakka, sai dai a ganina haibar tambari tana cikin sabatinsa bisa murya guda, kuma bai kamata a taɓa ɗaurinsa ba.