Littafin Bashi da Yajin Aiki: Ra'ayin Riƙau a Kasuwar Larlé

A unguwar Larlé ta Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, inda fadar basaraken Mosi Larlé Naaba take, akwai ra'ayin da ya daɗe a bakin dattawan kasuwa, masu shago da mahauta da dillalai, har da Hausawan cikinsu. A wurinsu yajin aiki rigimar masu albashi ce, waɗanda ko sun yi kwana goma a gida wata zai ƙare su je banki, shi kuwa mai sayar da goro in bai buɗe ba ya kwana da yunwa. Ina ganin wannan ra'ayin riƙau yana da gaskiya a kan abin da ya gani da ido, amma bai auna amfanin ƙungiyoyin ƙwadago ga shi kansa ba.

Gaskiyarsa a fili take. Mafi yawan masu neman abinci a birnin ba su da takardar albashi. Da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga sefa 30,684 zuwa 45,000 a 2023, yaron shago da mai tura kura ba su ga ko dala ba. Da aka rushe Zangouettin, tsohuwar unguwar Hausawa, a 2003 saboda shirin ZACA na sake gina tsakiyar birnin, mazauna unguwar da malamansu ne suka ɗauki nauyin fafutukar. Kuma tarihi ya ba masu wannan ra'ayi hujja mai nauyi. A ranar 3 ga Janairu 1966 ƙungiyoyin ƙwadago suka cika titi saboda shugaban ƙasa Maurice Yaméogo ya yanke kashi 20 cikin ɗari na albashin ma'aikata, kafin gari ya waye mulki ya koma hannun soja, Sangoulé Lamizana. A 1980 yajin aikin malaman makaranta ya yi kusan wata biyu, ya ƙare da juyin mulkin Saye Zerbo a 25 ga Nuwamba, shi kuma Zerbo bayan shekara guda ya haramta yajin aikin baki ɗaya. Wanda ya ce tarzoma ƙofa ce da ba a san mai shigowa ta cikinta ba, bai yi ƙarya ba.

To amma a leƙa ƙarƙashin kantar wani mai shago a Larlé. Akwai littafi mai bango ja, gefensa ya yi baƙi da maiƙo, kowane shafi da sunan malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti: buhun shinkafa, galan na mai, sabulu, sai ƙarshen wata. Rabin jarinsa yana kwance a aljihun masu albashi. Ranar da aka zaftare albashin, shi ne na biyu da zai ji a jikinsa, kamar yadda kowa ya ji a Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi.

Hujjar da ta fi wannan ƙarfi tana cikin zamanin Thomas Sankara. A Maris 1984 malamai suka yi yajin aiki, gwamnati ta kori fiye da 1,300 daga cikinsu. Hannun da ya yi wannan shi ne ya rage wa sarakunan Mosi iko, shi ne kuma ya soke biyan kuɗin hayar gidajen kwana na shekarar 1985 gaba ɗaya, abin da ya faɗa kai tsaye kan Alhazan da suka zuba ribar fatauci a gini. Kowa da ra'ayinsa a kan Sankara, ni ma ina girmama tsantseninsa da dukiyar jama'a. Abin lura shi ne, da aka murƙushe ƙungiyar malamai, babu sauran mai cewa a dakata sa'ad da aka juyo kan masu gidaje. Mai ra'ayin riƙau na gaske yana ƙaunar duk wata tsohuwar katanga da ke tsakanin talaka da mai mulki, ko fada ce, ko masallaci, ko ƙungiyar 'yan kasuwa. A Burkina Faso ƙungiyar ƙwadago tana cikin waɗannan katangu, ta ma girmi 'yancin kan ƙasar na 1960. Ita ce ta hana Lamizana kafa jam'iyya ɗaya tilo da yajin aikin Disamba 1975, ita ce kuma ta tsayar da harkoki cak a Satumba 2015 lokacin da Gilbert Diendéré ya yi juyin mulkin da bai wuce mako guda ba.

Yau ƙasar tana cikin yaƙi, kuma babu mai hankalin da zai raina bukatar kuɗin tsaro. Tun Janairu 2024 ake cire kashi 1 cikin ɗari daga albashin ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni zuwa asusun tallafa wa yaƙin, bayan harajin da aka riga aka ɗora kan abin sha da taba da kiran waya, wanda mai shagon Larlé yake biya kamar kowa. Bassolma Bazié, wanda ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta CGT-B daga 2013 zuwa 2021, ya shiga gwamnati a 2022 a matsayin ministan ma'aikata. Magajinsa a ƙungiyar, Moussa Diallo, an kore shi daga aikin gwamnati a 2024. A ganina dattawan kasuwa ne ya kamata su fara tambayar wa ya rage da zai zauna da hukuma ya nemi a nuna masa lissafin kuɗin nan, tunda daga aljihun abokan cinikinsu da nasu ake cire shi.