Maganar Matuƙan Jirgin Sama

Ya kai mai karatu, sau nawa kana gona ka ji ƙugin jirgin sama, ka ɗaga kai? Wataƙila wani naka yana ciki, ya nufi Makka. To, ka sani matuƙin ba shi kaɗai yake tafiyar da jirgin ba. Yana magana ta rediyo da wani mutum a ƙasa, cikin hasumiyar filin jirgi. Ba su ganin juna. Sau da yawa ma ba harshensu ɗaya ba. Yaya suke fahimtar juna? Ga tarihin abin.

A farkon shekarun 1920 jirage suna kai da kawowa tsakanin Landan da Paris. Rediyon lokacin sai ƙara da shashshaka. Aka ce wa wani ma'aikacin rediyo na filin jirgin Landan ya nemo kalmar neman agaji, wadda Bature ɗan Ingila da Bafaranshe za su gane. Ya ɗauko ta daga faransanci, daga maganar da ke nufin "a taimake ni". Ita ce "Mede". A 1927 ƙasashe suka yarda da ita a taron Washinton. Har yau matuƙin da ransa ke cikin haɗari sau uku yake faɗin ta, kowa ya yi shiru ya ba shi hanya. In matsalar ba ta kai ga rai ba, sai ya ce "Pan-pan". Ita ma faransanci ce, ita ce kalmar da direbobinmu ke faɗi in mota ta lalace a hanya.

Sai batun baƙaƙe. Kai da ka koyi karatu ka san B da D suna kama a kunne. A 1944 ƙasashe suka taru a Shikago ta Amurka, suka yi yarjejeniyar da ta haifi hukumar jiragen sama ta duniya. A 1956 hukumar ta tsayar da suna ga kowane baƙi, su 26. A ya zama Alfa, B ya zama Barabo, D ya zama Dalta. Ko rediyo na ƙara, ba mai ruɗa Barabo da Dalta.

Amma darasi mafi ɗaci ya zo ran 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerif na ƙasar Espanya. Hazo ya rufe fili. Manyan jirage biyu suna kan hanyar tashi guda, ba su ganin juna. Mai hasumiya ya faɗa wa na farko hanyar da zai bi bayan ya tashi. Matuƙin ya ɗauka izinin tashi ke nan. Mai hasumiya ya ce ya dakata, amma a daidai lokacin na biyun ma yana magana. Muryoyi suka haɗu, saƙon bai fita ba. Jirgi ya taso da gudu ya afka wa ɗan'uwansa. Mutum 583 suka rasu.

Bayan haka aka gyara doka. Kalmar "tashi" ba a furta ta sai in ana ba da izinin tashi, ko ana soke shi. Kuma matuƙi sai ya maimaita umurnin da aka ba shi, mai hasumiya ya ji ko daidai ne.

Masu gyaran jirgi ma an tuna da su. Littattafansu da ingilishi ake rubuta su, alhali da yawansu ba harshensu ba ne. A 1986 masu ƙera jirage na Turai suka fito da ƙa'idar rubutu mai sauƙi. Kalma ɗaya, ma'ana ɗaya. Jimlar umurni kada ta wuce kalma 20. Ka ga ashe manyan masana ma gajeren rubutu suke so, irin wanda kake karantawa.

Wannan ilimi bai yi mana nisa ba. A Yamai akwai makarantar da ke horar da masu hasumiya na ƙasashen Afirka da dama, nan suke koyon waɗannan kalmomi.

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. In za ka aika saƙo, ko na awon magani ko na kuɗin taki, faɗe shi a fili. Ka sa ɗan aike ya maimaita. In da hali, rubuta shi.