Daga Titin Azusa Zuwa Hanyar Badun: Asalin Cocin Fentikos

Duk wanda ya taɓa biyo tirelar shanu ko motar tumatir ta hanyar Badun zuwa Legas a daren Juma'ar farko ta wata, ya san abin da ake nufi idan an ce Redeem. An sha kwana a gosulo wajen Mowe, saboda taron kwanan da cocin ke yi a sansaninta da ke kilomita 46. A unguwanninmu ma haka ne, daga Agege zuwa Sabon Shagamu: da wuya ka ratsa layi biyu ba ka ji lasifika da ganga da mutane na addu'a da ƙarfi ba. Masu wannan ibada su ne masu gidajen da muke haya, su ne abokan cinikinmu, wasu su ke koyar da 'ya'yanmu a makaranta. Duk da haka, da yawa cikinmu ba ma raba su da 'yan Katolika ko Anglikan, Kirista kawai muke cewa. Alhali ɗarika ce mai zaman kanta, kuma shekarunta ba su wuce ɗari da ashirin da 'yan kai ba.

Sunan ya samo asali ne daga kalmar Girkanci mai nufin "na hamsin". A littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 2, Kiristoci na karanta cewa a ranar idin Fentikos, kwana hamsin bayan Ista, Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa almajiran Yesu a Urushalima, suka kama magana da harsunan da ba su taɓa koya ba. Duk ɗarikun Kirista sun yarda da wannan labari. Inda aka rabu shi ne, tsofaffin coci-coci da dama sun ɗauka cewa irin waɗannan al'ajibai sun tafi da zamanin manzanni. 'Yan Fentikos suka ce ba su tafi ba. A wurinsu, bayan mutum ya tuba an maya haihuwarsa, akwai wani mataki da suke kira baftismar Ruhu Mai Tsarki, kuma alamarta ita ce magana da harsuna. Daga nan sauran suka biyo: warkar da cuta ta addu'a, annabci, korar aljanu, da sa ran dawowar Yesu nan kusa.

A ƙasar Amurka aka fara ɗaura wannan koyarwa wuri guda. Wani mai wa'azi, Charles Parham, yana da ƙaramar makarantar Littafi Mai Tsarki a garin Topeka na jihar Kansas. Ranar 1 ga Janairun 1901 wata ɗalibarsa, Agnes Ozman, ta yi magana da harsuna bayan an ɗora mata hannu. Amma wanda ya kai abin ga duniya wani ne daban. William Seymour baƙar fata ne, an haife shi a 1870 a Louisiana, iyayensa 'yantattun bayi, agana kuma ta cinye masa ido ɗaya. Lokacin da ya je sauraron karatun Parham a Houston, dokar wariyar launin fata ta hana shi zama cikin aji tare da Turawa, sai daga bakin ƙofa yake ɗaukar darasi. A 1906 aka gayyace shi wata 'yar coci a Los Angeles. Da suka ji abin da yake koyarwa, suka garƙame masa ƙofa. Ya koma yin addu'a a gidan wasu mutane, da gidan ya yi kaɗan suka kama hayar wani tsohon gini mai lamba 312 a titin Azusa, wanda har barga ya taɓa zama.

Kimanin shekara uku ana taro a wannan gini kusan kullum. Baƙi da farare suna durƙusawa wuri ɗaya, mata na wa'azi, babu tsayayyen tsarin ibada. A Amurkar wancan lokaci wannan kaɗai ya isa abin kunya. Jaridar Los Angeles Times ta yi musu ba'a ranar 18 ga Afrilun 1906, ranar da girgizar ƙasa ta rushe San Francisco, abin da ya sa wasu suka ƙara gaskata cewa tashin duniya ya ƙarato. Shi kansa Parham da ya zo a ƙarshen shekarar, cakuɗuwar da ya gani ba ta yi masa daɗi ba, ya yi tir da taron. Haɗin kan ma bai daɗe ba. A 1914 Turawa suka kafa Assemblies of God, baƙaƙe mafi yawa suka tsaya a Church of God in Christ. Seymour ya mutu a 1922 da 'yan mabiya kaɗan.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Mutanen farko sun ɗauka harsunan da suke yi ainihin yarukan duniya ne, don haka za su iya zuwa wa'azi ko'ina ba tare da koyon yare ba. Wani mai suna Alfred Garr ya tafi Indiya da yaƙinin cewa Bengali yake yi, ya isa ya tarar babu mai fahimtarsa. Daga baya fassarar ta koma cewa harshen addu'a ne tsakanin bawa da Ubangijinsa. Kuskuren dai ya riga ya yi aikinsa, domin ya watsa masu wa'azi cikin duniya. Wasu 'yan Suwidin biyu, Gunnar Vingren da Daniel Berg, sun sauka a Belém ta Brazil a 1910, kuma cocin da suka dasa ya zama ɗaya daga cikin mafiya girma a ƙasar.

Sai dai ba daidai ba ne a ce daga Azusa komai ya taso. An yi irin wannan farkawa a Wales a 1904, a makarantar Pandita Ramabai ta Indiya a 1905, a Pyongyang ta Koriya a 1907, da Chile a 1909. Daga 1960 kuma abin ya shiga cikin tsofaffin coci-coci da kansu, ya kai ga 'yan Katolika a 1967. Waɗannan da suka karɓi koyarwar ba tare da barin cocinsu ba su ake kira 'yan Karismatik. Ƙididdigar cibiyar bincike ta Pew a 2011 ta sa ɓangarorin biyu a kan mutum miliyan 584, wato sama da kashi ɗaya cikin huɗu na Kiristocin duniya.

Nijeriya na cikin wuraren da tushen na gida ne. Lokacin annobar mura ta 1918, da aka rufe wuraren taro kuma maganin Bature ya gaza, wasu 'yan Anglikan a Ijebu-Ode suka kafa ƙungiyar addu'a da ta dogara ga roƙon Allah kaɗai wajen neman waraka. Irinsu ne aka sa wa suna Aladura, wato masu addu'a, kalmar da ake ganin tushenta ɗaya da "addu'a" tamu. A 1930 wani direban motar daddale titi, Joseph Ayo Babalola, ya tayar da farkawa a Oke-Ooye cikin Ilesha, jama'a suka yi ta tururuwa suna zubar da layu da gumaka. Turawan mulki ba su saki jiki da shi ba, har suka ɗaure shi wata shida a 1932. Mutanensa sun haɗa kai da wata cocin Fentikos ta Birtaniya, sannan suka ɓata da ita, kuma cikin dalilan har da shan kinin da Turawan mishan ke yi don zazzaɓi, abin da 'yan gida suka ɗauka raunin imani ne. Daga wannan rabuwa aka samu Christ Apostolic Church. Ita ma Redeemed daga wannan zuriya ta fito: Josiah Akindayomi, wanda ya kafa ta a 1952, tsohon ɗan Cherubim and Seraphim ne, masu farin kaya. Abin mamaki, da yawa daga fastocin yau ba sa son a haɗa su da masu farin kayan.

Irin cocin da muke gani yanzu, ta masu kwat da Turanci, bayan yaƙin basasa ta taso, kuma a jami'o'i. William Kumuyi malamin lissafi ne a Jami'ar Legas lokacin da ya fara karatun Littafi Mai Tsarki da mutum goma sha biyar a 1973, abin da ya zama Deeper Life. Enoch Adeboye, da ya gaji Akindayomi a 1981, shi ma malamin lissafi ne. Na farkon cikinsu gudun duniya suka koyar: ba sarƙa, ba ɗan kunne, wasu har talabijin suka hana. Benson Idahosa na Benin ne ya juya akalar. Ya yi karatu a Texas, ya dawo da koyarwar cewa talauci ba nufin Allah ba ne ga mai imani, kuma wanda ya ba da ushirin abin da ya samu zai ga buɗi tun a nan duniya. Da tsarin SAP ya zo a 1986, naira ta faɗi, albashi ya daina kai wata, asibitoci suka koma sai ka sayi magani da kanka, wannan saƙo ya samu masu saurare. David Oyedepo, wanda hedkwatar cocinsa ta fara zama a Kaduna, ya buɗe ɗakin ibada mai kujera 50,000 a Ota a 1999.

A ganinmu nan ne sirrin yaɗuwar yake, a Brazil ko Koriya ko Legas. Tana yi wa mutum alkawarin cewa za a taɓa damuwarsa yau: ciwo, rashin haihuwa, rashin aiki, tsoron sammu. Ba ta ce masa aljanu da maita tatsuniya ne kamar yadda Turawan mishan suka ce, sai ta ce akwai su, amma ga abin da ya fi ƙarfinsu. Sannan buɗe reshe ba ya buƙatar shekaru a makarantar limamai. Shago ɗaya da benci da lasifika sun isa. Ga wanda ya baro ƙauye ya faɗo Legas bai san kowa ba, coci kan zama masa dangi, ta samo masa aiki, wani lokaci har mata. Mu da muka san abin da zango da gidan sarkin Hausawa ke yi wa baƙo, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Suka kuwa ba ta yanke ba, kuma mafi zafinta daga Kiristoci 'yan uwansu take fitowa: fastoci masu jiragen sama, jami'o'in coci da talakan da ya ba da ushiri ba zai iya kai ɗansa ba, da masu al'ajiban ƙarya. Ta fuskar zaman tare ma akwai tabo. Manyanmu ba su manta Oktoban 1991 ba, lokacin da shirin zuwan Bajamushe Reinhard Bonnke Kano ya jawo rikicin da aka yi asarar rayuka da dukiya. Siyasar da na farkonsu suka guje wa, yanzu suna tsakiyarta, har faston Redeemed, Yemi Osinbajo, ya riƙe mataimakin shugaban ƙasa daga 2015 zuwa 2023.

Yau kuma Nijeriya ce ke aika masu wa'azi ƙasashen da suka aiko mata. Matthew Ashimolowo ya kafa babbar coci a Landan a 1992, Sunday Adelaja ya kafa tasa a Kiev ta Yukiren, Redeemed na da rassa a ƙasashe fiye da ɗari. Tasirin bai tsaya ga Kiristoci ba. Ƙungiyar NASFAT, da Musulmin Yarbawa 'yan boko suka kafa a Legas a 1995, ta zaɓi safiyar Lahadi don taron addu'arta, tana kuma yin addu'ar kwana, abin da masana da dama ke kallo a matsayin amsa ga coci-cocin da ke jan matasa. Ita ma ta samu filinta a bakin wannan hanya ta Badun, ba nisa da sansanin Redeem.