Yadda Bayanan Ofis Suka Koyi Fita Waje

A ƙarshen shekarun 1970, wani injiniya Ba'amurke mai suna Wayne Ratliff ya rubuta manhajar adana bayanai da ya laƙaba wa suna Vulcan. Kamfanin Ashton-Tate ya karɓe ta, ya fitar da ita kasuwa a farkon shekarun 1980 da sunan dBASE II. Daga nan ƙananan ofisoshi suka fara kwashe abin da ke cikin rajista suna zubawa a kwamfuta. A 1992 kuma Microsoft ya fito da Access, wadda har yau ake samun ta a asibitoci da makarantu da shaguna.

An gina waɗannan rumbunan bayanai ne bisa zaton cewa bayanan za su zauna inda aka haife su: kwamfuta ɗaya, ɗaki ɗaya, ma'aikaci ɗaya da ya san ma'anar kowane layi. Idan hedkwata ta nemi rahoto, sai a kwafa a faifai a ba ɗan aike.

Intanet ta rushe wannan zato. Sai aka shiga neman harshen da na'urori biyu da ba su san juna ba za su yi magana da shi. A 1998 ƙungiyar W3C ta amince da tsarin XML, kuma a shekarar Dave Winer ya fitar da XML-RPC, wanda ya fito daga aikin da ya haifar da SOAP. SOAP ya yi aiki, amma yana da nauyi: saƙo ɗan ƙarami, marufi mai yawa. A 2000 Roy Fielding ya bayyana tsarin REST a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, inda ya nuna cewa ƙa'idojin yanar gizo da kansu sun wadatar. Douglas Crockford kuma ya yaɗa JSON, wanda mutum ma zai iya karantawa da idonsa. Waɗannan biyun su ne suka yi rinjaye.

Da hanya ta samu, sai matsalar da ta fi wuya ta bayyana, wato ma'ana. Ɗauki kwanan wata. Fayil ɗin dBASE yana rubuta shi da lambobi takwas, shekara da wata da rana. Access kuwa tana ƙirga ranaku ne tun daga 30 ga Disamba 1899. Idan aka rubuta 03/04, Ba'amurke zai karanta 4 ga Maris, ɗan Ingila ya karanta 3 ga Afrilu. Babu ƙararrawar da za ta kaɗa; kuskuren zai wuce salin-alin, ya zauna a matsayin ranar haihuwar wani.

Haka haruffa suke. Tsofaffin fayiloli ba su san Unicode ba, sai a Access 2000 ne aka shigar da shi. Shi ya sa ɓ da ɗ da ƙ kan rikiɗe su koma alamar tambaya a hanya, har Ɗanladi ya nemi sunansa a rajista ya rasa.

Don haka duk wanda aka ɗora wa aikin haɗa tsohon rumbu da intanet, ya fara da neman ma'aikacin da ya shekara yana cika shi. Shi ne ya san abin da gurbin da aka bari babu komai yake nufi, kuma idan ya yi ritaya, wannan sanin zai tafi da shi.