Ruwan Kura, Fadamar Nguru, Iyakar Diffa: Nazari kan Kula da Yankunan Ruwa na Haɗin Gwiwa

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ƙasashe ke haɗa hannu wajen kula da yankunan ruwa da aka keɓe, ta ɗauki kogin da ke shayar da gonakin Kura da Bunkure a matsayin misali. Hujjarta ita ce, makomar fadamar Hadeja da Nguru, da rabon Nijar a Kogin Yobe, sun rataya ne kan yadda ake buɗe ƙofofin madatsun ruwa na Kano, amma yarjejeniyoyin da aka ƙulla ba su sauko har can ba. An dogara da takardun yarjejeniya da nazarce-nazarcen da aka riga aka wallafa.

Gabatarwa

Kano ba ta da teku, amma ruwanta na da iyakar ƙasa. Kogin Kano da na Calawa ne ke haɗuwa su zama Kogin Hadeja, shi kuma ya tarar da na Jama'are a wajen Gashuwa, a sami Komadugu Yobe, wanda ya raba Najeriya da Nijar kafin ya faɗa Tafkin Cadi. A 1974 aka kammala madatsar Tiga, a 1992 ta Calawa. Daga Tiga ruwan ke bin babban kanal zuwa gonakin shinkafa da alkama da tumatir na Kura, Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are.

Takarda da ƙofar ruwa

Ba a rasa takardu ba. Akwai Hukumar Tafkin Cadi tun 1964. Akwai Yarjejeniyar Maiduguri ta 1990, inda Najeriya da Nijar suka amince da raba ruwan kogunan da suka haɗa su bisa adalci, har da Yobe. A 2000 aka sa Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin fadamun Ramsar, kuma sashe na 5 na Yarjejeniyar Ramsar ya wajabta wa ƙasashe tuntuɓar juna kan ruwan da suke tarayya a kansa. A 2012 shugabannin yankin suka amince da Kundin Ruwan Tafkin Cadi a Injamena.

Matsalar tana cikin lokacin sakin ruwa. Kafin Tiga, Kogin Hadeja yakan cika ya batse da damina, ya malale fadama, kifi ya hayayyafa, sannan ya janye da rani a shuka a danshin da ya bari, makiyaya su biyo baya. Madatsun suka rage ambaliyar damina, suka kuma sa ruwa na tafiya duk shekara saboda noman rani da ruwan sha na birnin Kano. Mashigin da ba ya bushewa kuwa gidan kacalla ne. Ciyawar ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, ruwan ya karkata ya cinye gonaki a wani wuri, wani wurin kuma ya ƙafe, tsuntsun jan-baki ya sami maɓoya. Nazarin Barbier da Thompson na 1998 ya nuna cewa abin da fadama ke asara ya fi ribar da manyan ayyukan ban-ruwa na sama ke kawowa. Ana iya jayayya da lissafinsu, musamman yanzu da Kura ta zama cibiyar cinikin shinkafa, amma ba a iya jayayya da kacallar.

Bai kamata a ɗora laifin kan manomin Bunkure ba. Wanda gonarsa ke ƙarshen kanal shi ma jira yake, yakan kwana yana gadin layinsa kada na gaba ya tare ruwa da buhun ƙasa. Halin da yake ciki shi ne halin mai noman tattasai a Diffa ta Nijar, sai dai nisa ya hana su sanin juna.

Darasi daga bakin teku

A bakin Kogin Senegal an taɓa shiga irin wannan hali. Madatsar Diama ta 1986 ta busar da fadamar ɓangaren Muritaniya. Bayan kafa gandun Diawling a 1991, aka riƙa sakin ruwa ta ƙofofi don kwaikwayon ambaliyar da, kuma masunta da makiyaya da mata masu saƙar tabarma suka sa baki kan lokacin buɗewa da rufewa. A 2005 UNESCO ta amince da yankin, haɗe da gandun Djoudj na Senegal da wani sashe na gaɓar teku, a matsayin yanki guda da ƙasashen biyu ke kula da shi. Kacalla ba ta bar su ba su ma, amma jadawalin ruwa ya zama abin da ake zama a kansa.

A nan gida, asusun kula da kogunan Hadeja, Jama'are da Yobe da jihohin Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauci da Filato suka kafa a 2006 ya kusa wannan tsari, sai dai na jihohi ne, Nijar ba ta ciki. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa na Kura da Bunkure, waɗanda shirin ban-ruwa na TRIMING ya ƙarfafa, aikinsu ya tsaya kan yashe kanal da karɓar kuɗin ruwa. Maƙalar na ba da shawarar a sa wakilansu, da na masuntan Nguru da manoman Diffa, cikin zaman da ke tsara sakin ruwan Tiga da Calawa kowace shekara, a kuma riƙa bayyana adadin ruwan da ya wuce Gashuwa ga Najeriya da Nijar.