Ƙwaron Indiya da ya shafe katakon Turawa

 Makalar wannan mako a kan wani abu ne da kafintoci ke shafa wa katako, sunansa shelak.

Daga wajajen 1870 wani yayi ya kama Ingila da Amurka: yanka zane a jikin siririn katako da zarto mai kauri kamar zare, wanda ake takawa da ƙafa irin na keken ɗinki. Magidanta da yara 'yan makaranta sukan kwana suna huda katako, suna fitar da furanni da ganyaye don gidan agogo ko firam ɗin hoto. Abin ya kai har kamfanin Hobbies na garin Dereham ya fara buga mujallar mako-mako a 1895, kowane fitowa da sabon zanen da za a yanka.

Matsalar tana zuwa ne bayan an ajiye zarto. Mutum ya yi makonni yana huda ramuka ɗari biyu a allo ɗaya, wasu ko ashana ba za ta shiga ba. In ya kwaɓa masa banish mai kauri, sai ya taru a lungunan ramukan, ya daskare da ɗigo-ɗigo, kaifin zanen ya dushe. Kuma babu sanfefar da za ta shiga can ta gyara. Aikin wata guda sai ya lalace cikin rabin awa.

Abin da ya fi dacewa da irin wannan aiki daga Indiya yake zuwa. Wani mitsitsin ƙwaro ne ke tsotsar ruwan reshen itace, yana fitar da danƙo yana lulluɓe kansa da shi. Dubbai ne suke taruwa a reshe guda, shi ya sa ake danganta sunan danƙon, lak, da kalmar da Indiyawa ke kiran dubu ɗari da ita. Cikin itatuwan da ake kiwonsa a kai har da wanda suke kira ber, wato magaryar nan tamu. Manoma, musamman a yankin da yanzu ake kira Jharkhand, sukan sare rassan su kankare danƙon, a daka, a wanke jan launin da ke ciki. Sai a ɗura a doguwar jakar yadi, a kanga a garwashi, a riƙa murɗawa yana tsatsowa. Wanda ya fi burge ni shi ne mai miƙarwa: yakan kama da hannu biyu, ya take da yatsun ƙafa, ya ciza da haƙora, ya ja har ya zama shimfiɗa siririya kamar takarda. In ta huce a farfasa ta. Kasuwar ta yi girman da a 1924 aka kafa cibiyar binciken lak a Namkum, kusa da Ranchi.

Ɓarɓashin nan ake jiƙawa a sifirit. Ana iya tsinka shi ya zama kamar ruwan shayi, ya bi kowane rami, ya bushe cikin mintuna tun bai kai ga ɗiga ba. Shafi biyu ko uku da lallausan buroshi, ana ɗan gogewa a tsakani, sun wadatar. Babbar falalarsa kuwa ita ce sabon shafi yana narkar da na ƙasa su haɗe, don haka ko bayan shekara hamsin ana iya gyara inda ya ƙarje. Amma ragwaye ne a gaban zafi da danshi: ɗora kofin shayi, ka ga farin zobe. Wanda aka jiƙa ya daɗe a kwalba kuma ba ya bushewa, sai ya yi ta danƙo.

Mu ma shelak ya shigo gidajenmu, ta wata ƙofar. Faifan garmaho mai juyi 78 a minti da shi ake haɗawa, shi ya sa in ya faɗi yake tarwatsewa kamar tangaran. Mai rubuta labarin zamanin Turawa ya kula, kada ya sa jarumarsa ta lanƙwasa faifai don fushi. Ba ya lanƙwasuwa, sai dai ya fashe.

Yawan buƙatarsa ne ya jawo masa kishiyoyi. Masu kayan lantarki suna ta rububinsa, kuɗinsa na hawa, sai Leo Baekeland ya shiga neman madadinsa, a 1907 ya ɓullo da robar Bakelite. Bayan 1920 masana'antun kujeru suka koma wa fentin feshi, daga baya foliyuritan ya zo, wanda ba ruwansa da kofin shayi. Ga teburin cin abinci ya fi, babu gardama. Ga allo mai ramuka ɗari biyu kuwa, in ya daskare a lungu sifirit ba ya narkar da shi, shi ya sa har yau masu siririn zarto da dama ke jiƙa ɓarɓashin nan na Indiya a kwalba, ɗan daidai wanda za su ƙarar cikin 'yan watanni.